Sankarar ƙwaƙwalwa: an gano inda irin cutar yake, saura maganinsa

A watan Maris na shekara ta 2024, likitocin wani babban asibiti na birnin Boston a ƙasar Amurka suka ba da labarin da ya girgiza duniyar likitanci. Sun ɗebi ƙwayoyin garkuwar jiki na majinyata uku masu fama da giliyobilastoma, suka sarrafa su, suka zuba su cikin ƙwaƙwalwar masu su. Cikin ƴan kwanaki ƙarin ya saɓe. Amma murna ta koma ciki, domin a jikin biyu daga cikinsu cutar ta sake dawowa. Wannan dawowa ita ce muke son mu duba yau tare da masu karatunmu.

Giliyobilastoma ita ce mafi muni cikin sankarar da ke tsira a ƙwaƙwalwar manya. Ita ta kashe sanatocin Amurka Ted Kennedy a 2009 da John McCain a 2018, duk da kuɗi da manyan asibitoci. Tun 2005, bayan binciken da Dokta Roger Stupp ya jagoranta daga Suwis, hanyar jinya uku ce: fiɗa, gashin haske, da ƙwayar temozolomide. Ƙwayar ta ɗaga matsakaicin kwanan majinyaci daga wata 12 zuwa kusan wata 15. Waɗanda ke kai shekara biyar ba su cika 10 cikin 100 ba.

To me ya sa take dawowa? Manomanmu sun san halin ƙuduji: ko an tuge shi ƙaf, irinsa na kwance cikin ƙasa yana jiran damina. A 2004, ƙungiyar Dokta Peter Dirks ta birnin Toronto a Kanada ta nuna cewa ƙari ma yana da irinsa. Sun ware wasu ƙwayoyi masu wata alama da ake kira CD133, suka dasa guda 100 kacal a ƙwaƙwalwar ɓeraye, ƙari ya fito. Da suka dasa dubu 100 na marasa alamar, bai fito ba. Waɗannan su ne ƙwayoyin iri, masu sabunta kansu suna haifar sauran.

Abin da ya biyo baya ya nuna taurin kansu. A 2006, masu bincike na jami'ar Duke suka gano cewa suna gyara ɓarnar da gashi ya yi wa gadon halittarsu da sauri fiye da sauran. A 2012, wani gwaji kan ɓeraye a jihar Texas ya nuna suna yin lamo lokacin da ake ba da ƙwaya, sai an gama su farka su sake gina ƙarin. Ga kuma shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ke tare magunguna da dama.

Saboda haka masana suka juya ga irin. Wani yunƙuri mai ban mamaki shi ne na 2017, inda aka gwada ƙwayar cutar Zika, wadda ta sa aka haifi jarirai masu ƙaramin kai a Burazil tun 2015. Da yake tana afka wa ƙwayoyin da ke gina ƙwaƙwalwar ɗan tayi, an ga tana kashe ƙwayoyin iri na ƙari, har ɓerayen da aka ba ita suka ƙara kwana.

Sai dai mu yi hattara. An gano daga baya cewa wasu ƙwayoyi marasa alamar CD133 su ma suna haifar da ƙari, kuma ƙwayoyin suna sauya kama kamar hawainiya: a kashe irin yau, gobe wata ta ɗauki matsayinsa. Dalili ke nan da masana da yawa ke ganin sai an haɗa magunguna a kai hari ta fuskoki daban-daban. Kuma abin da ya yi wa ɓera aiki ba lalle ya yi wa mutum ba.

A nan gida, tun 2021 cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin haske, wanda a da sai an ƙetara waje. Kafin sabon magani ya iso, babban abin da ke hannunmu shi ne gane cuta da wuri. Ciwon kai mai ƙaruwa tare da amai, farfaɗiyar da ta faro wa babba, ko shanyewar ɓarin jiki, su sa a garzaya asibiti a ɗauki hoton kai. Wanda kuma ya ce yana da maganin ƙwayoyin iri na sayarwa, a riƙe aljihu da kyau, domin har yanzu aikin yana matakin gwaji.