Mu Tattauna: Doki ko Jaki?

'Yan'uwa, kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa, wato ɗan guntun da ke yi mata lissafi. Wadda kamfanin Intel ya fitar a 2006, Core 2 Duo, sassan aiki biyu gare ta, da ƙananan makunnai miliyan 291. Ta Apple ta 2020, M1, sassa takwas, makunnai biliyan 16, ga ƙarancin cin wuta.

Wajen haɗa bidiyo, sabuwa doki ce, tsohuwa jaki. Amma wajen buga wasiƙar ikilisiya ko lissafin baiko, jakin ma yana kai kaya gida.

Saboda haka, kafin mu ci bashi ko mu taɓa kuɗin makarantar yara, mu fara duba aikin da za mu ba ta. Ubangiji ya ba mu wadar zuci.