Wankin Farko: Abin da Ya Kamata 'Ya'yanmu Su Iya Kafin Su Bar Gida



Kwanakin baya na je Bacirawa duba 'yar ƙanena da aka kai ɗakinta wata biyu da suka wuce. Na tarar da ita tsugune a gaban baho ta zabga tagumi, idanu sun yi jawur. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Gwaggo, na shiga uku." Na leƙa bahon, sai ga farar shaddar maigidanta, wadda ya yi angonci da ita, ta koma ruwan hoda. Ta haɗa ta da sabuwar jar atamfa daga cikin kayan lefe, ta zuba omo, ta bar su a jiƙe tun dare har wayewar gari. Ga uwar miji a sashe na gaba, ga faccaloli suna kai da kawo a tsakar gida.

Ban yi mata faɗa ba, domin laifin namu ne. Yarinya ta gama sakandare, ta iya girki daidai gwargwado, amma a gidansu almajiri ake ba wanki, manyan kaya kuma a kai wa mai wanki da guga. Babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata. Mun ɗauka wanki abu ne da hannu ke iyawa da kansa, alhali koyonsa ake yi kamar yadda ake koyon tuƙa tuwo. Ga abin da na koya mata a ranar, ko zai amfani wata.

Rarraba kaya kafin a taɓa ruwa

Rabin wanki a nan yake. A yi tsibi huɗu: farare, masu launi, masu duhu irin su baƙin hijabi da abaya, sai masu dauɗa sosai kamar kayan gonar maigida da tsummokin kicin. Kayan jarirai su kaɗai ake wanke su, da sabulu marar ƙarfi. A lalube aljihu, domin goro ɗaya ko biro ɗaya ya isa ya ɓata baho guda.

Duk sabon zane a ɗauka yana zuba har sai an tabbatar. Ki jiƙa gefen bakinsa, ki matse shi a cikin farin ƙyalle. In launi ya fito, to shi kaɗai za a wanke shi, da ruwan sanyi, da sauri, ba tare da jiƙawa ba. Tsada ba ta hana zuba. A Kantin Kwari akwai mai tsada da ke zuba a wankin farko. Da yawa daga cikinmu muna sa gishiri a ruwan, amma kada ki dogara da shi har ki haɗa sabon zane da farin kaya.

Tsarki kafin sabulu

Kayan da najasa ta taɓa, kamar fitsarin yaro, kashi ko jini, a ware su a fara gusar da najasar da zallan ruwa kafin su shiga baho. Wadda ta karanta Ahalari a Islamiyya za ta tuna cewa ruwa mai tsarkakewa shi ne wanda launinsa, ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai canja ba, kuma har da sabulu aka lissafa cikin abubuwan da ke canja shi. Don haka kumfa tana fitar da dauɗa, amma tsarki sai da ruwa tsantsa. Wannan ma ya sa ɗaurayar ƙarshe take da muhimmanci ga kayan da za a yi salla da su.

Ruwa kuɗi ne, ko kuma ƙarfi

A wurare irin Bacirawa, ko dai ki ja guga a rijiya, ko yara su yi layi a burtsatse, ko ki sayi jarka a wurin 'yan garuwa. Sabuwar mai wanki takan ƙarar da jarka uku a kan abin da ɗaya da rabi za ta yi. Dabarar ita ce bin tsari: a ruwan kumfa guda a fara da farare, a bi da masu launin da ba sa zuba, sannan masu duhu, a ƙare da kayan gona. Ruwan ɗaurayar farare shi zai zama ruwan wankin na gaba. Na ƙarshe kuma a wanke makewayi da shi ko a yayyafa tsakar gida.

Omo da yawa ba shi ne fita ba. Yana cin hannu, yana cin ruwan ɗauraya, in kuma ya saura a jikin kaya yana sa yara ƙaiƙayi. A narkar da shi a ruwa tukuna kafin a zuba kaya, kada a barbaɗa shi a kan zane. Idan rijiyarku mai zartsi ce, za ki ga sabulun sanda ba ya kumfa sosai. A irin wannan ruwan omo ya fi aiki. In ruwan ya yi laka, a ɗebo tun dare a bar shi ya kwanta. Da damina kuwa ki tari ruwan sama, babu ruwan da ya kai shi daɗin wanki.

Inda dauɗa take ɓuya

Jiƙawa ta minti 20 zuwa 30 ta wadatar ga yawancin kaya. Masu launi ba sa kwana a ruwa. Sannan a bi wuraren da dauɗa ke taruwa: wuya, hammata, bakin hannu, ƙafar wando da bakin hijabi inda yake taɓa goshi. A goga musu sabulu a cuɗa su da kyau, sauran jikin rigar cuɗa kaɗan ta ishe shi.

Shadda ba ta son buroshi, ba ta son murɗa mai ƙarfi, domin su ne ke kashe mata ƙyalli su kuma ɓata aikin wuya. Leshi da mayafi a matsa su a hankali cikin ruwa, a ɗaga su tsane da kansu.

Tabo tun yana ɗanye ake binsa. Jini ruwan sanyi yake so, ruwan zafi kama shi yake yi ya zauna. Manja ko miya, a goga sabulu a kan wurin tun kafin a tsoma rigar, sannan a bi da ruwan ɗumi. Tsatsa a farin kaya, a matsa lemun tsami a barbaɗa gishiri a sa a rana. Kuma kada a goge rigar da tabonta bai fita ba, zafin dutsen guga zai mayar da shi na dindindin.

Hattara da Hypo da baho

Hypo da ire-irensa na fararen kayan auduga ne kawai, kuma sai an sirka da ruwa mai yawa. Ba a haɗa shi da lemun tsami ko maganin wanke banɗaki, domin yana tayar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi. Kada a juye shi a robar lemo ko ta ruwan sha; yaro ba ya karatu, abin da ya gani a roba zai kai baki. Haka bokiti ko baho mai ruwa: yaro mai rarrafe yana iya faɗawa da ka, ruwa kaɗan ya halaka shi kafin ki dawo daga duba tukunya. In kin tashi, ki zubar ko ki rufe, ko ki goya shi.

Shanya da guga

A ƙauye mun saba baza wanki a ƙasa, ko a kan danga da tarin kara. Ki daure ki ɗaura igiya. Akwai wani ƙuda da ke saka ƙwai a ƙasa mai danshi da kan tufafin da ke da ɗanshi ko warin fitsari, musamman da damina. Idan aka sa wa yaro rigar, tsutsa takan shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru. Shanya a igiya cikin rana, da goge kayan yara ciki da bai, suna kashe ƙwan.

Farare suna son rana. Atamfa da masu duhu kuwa a juya cikinsu waje a shanya a inuwa mai iska don kada su koɗe. Bula kaɗan ake sawa a ruwan ɗaurayar ƙarshe, a motsa ta narke sarai, in ba haka ba riga ta fito dabbare-dabbare. Da hunturu a kwashe shanya da zarar ta bushe, kafin ƙura ta mayar da aiki baya. A watan Agusta kuma, lokacin da rana ke wuya, a rage yawan wanki, kada a ninke kaya da sauran danshi, fumfuna za su yi. Mai dutsen guga na gawayi ta busa toka ta goge ƙasansa, ta gwada a tsumma kafin ta ɗora a kan farin kaya.

Har da 'ya'ya maza

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro ɗan shekara 7 zai iya wanke safarsa da hularsa, ɗan shekara 10 ya wanke kayan makarantarsa kina kallo kina gyara masa. Kada a ce wannan aikin mata ne. Gobe makarantar kwana za shi, ko jami'a, ko bautar ƙasa, ba za ki bi shi da baho ba. Ranar da matarsa ta haihu ko ta kwanta ciwo ma, hannunsa zai yi rana.

To yaya aka ƙare da shaddar? Mun yi ta ɗauraya da ruwan sanyi tun ba ta bushe ba, launin ya ragu amma bai fita duka ba. Na ce da ita, "'Yata, kada ki ɓoye, ki gaya masa da bakinki kafin ya ji a bakin wani." Ta gaya masa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, daga baya ya kai ta marinar Ƙofar Mata aka rine ta shuɗiya, har ya je Juma'a da ita. Allah Ya rufa asiri, amma ba kowace amarya ke dacewa da mai haƙuri irin wannan ba.

Ke fa, wace ɓarna kika yi a wankinki na farko, kuma wa ya koya miki? Ki rubuta mana a ƙasa, wata ta ƙaru da ke. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.