Daga allon malam: Baƙo ya san Lugu, mu ba mu san ta ba

  

Watan ga ba zancen taki ko rigakafin bisashe zan yi muku ba. Wani hoto ne ya kawo magana.

Ran nan da dare muna cikin karatu, sai wani ɗalibina, magidanci mai ɗiya shida, ya fiddo salula daga aljihu. Ya ce ƙanenshi da ke bida a Amurka ya aiko mishi hoto. Munka aje alli, munka taru bisa salula. Ga ƙanen nan tsaye cikin jirgin ruwa shina dariya. Bayanshi ga wata ƙatuwar mace koriya shar, ta ɗaga hannu sama, tana riƙe da wuta. Akwai wani dattijo makiyayi da ke zama kullum kusa da fitila, don idonshi ya fara rauni. Ya duba, ya duba, ya ce: "Malam, wagga kuma ɗiyar wa ce?"

Ga abin da na gaya musu, na kuma ƙara bincike don in gaya muku.

Sunan birnin Niyok. Bakin teku yake, mutanenshi sun fi miliyan 8. Macen kuwa mutum-mutumi ce ta jan ƙarfe, ruwa da iskar teku sunka maida ta koriya. Suna ce mata mutum-mutumin ƴanci. Mutanen Faransa sunka ƙera ta, sunka ba Amurka kyauta, anka buɗe ta a 1886. Daga ƙasa zuwa kan wutar da ke hannunta mita 93 ne. Ku ɗora giginya huɗu bisa juna, ku ga. Cikinta akwai matakala 354 da ake hawa har kanta. Bisa wani ɗan tsibiri take, sai da jirgin ruwa ake isa. Duk shekara mutum fiye da miliyan 3 ke zuwa kallonta. Ku tuna, a ƙidayar 2012 mutanen jahar Doso gaba ɗaya miliyan 2 ne da ɗan kai.

Dattijo ya girgiza kai ya ce: "Su biya kuɗi, su shiga ruwa, don su ga ƙarfe? Ba ta ba da nono, ba ta haihuwa!" Munka yi dariya har mai gadin lakwal ya leƙo.

Birnin yana da wasu wuraren kallo da yawa: dogayen benaye, gadoji, wani babban lambu a tsakiyar gari. Amma wanda ya tsaya mini a rai wani tsibiri ne kusa da macen nan, ana ce mishi Elis. Daga 1892 zuwa 1954, nan ne baƙi masu shiga Amurka ta teku suke sauka a duba su. Mutum fiye da miliyan 12 sunka bi ta wurin, mafi yawansu talakawa da yunwa ko yaƙi ya koro daga ƙasashen Turai. Kowane jirgi yana zuwa da takarda: sunan mutum, shekarunshi, inda ya fito. Takardun nan ba su ɓata ba. Yau wurin ya zama gidan tarihi. Jika ya zo, ya nemi sunan kakanshi, ya same shi rubuce, da ranar da ya sauka. Wannan ba ƙarfe yake kallo ba. Asalinshi yake kallo.

Da na gama, sai na tambayi aji: "Wa ya taɓa zuwa Lugu?" Mu ashirin da uku ne daren nan. Hannu uku sunka tashi. Ɗaya daga cikinsu ma, cigiyar saniya ta kai shi.

Ba ni da bakin yi musu faɗa. Ni ma nan Arewa anka yanke mini cibiya, amma sai bara waccan na taka Lugu. Wani baƙo ne daga Yamai ya roƙe ni in raka shi. A hanya shi ke ba ni labarin garin, ni ɗan ƙasa ina "haka ne, haka ne". Kunyar ranar har yanzu ba ta sake ni ba.

Lugu tana arewa maso gabas da Dogon Dutsi, cikin ƙasar Ɗankasari. Garin Gubawa ne, garin Sarauniya. Tsofaffin garin sun ce Sarauniya ta farko daga Daura ta taso, wani dutsi da ake kira Tunguma shi ya nuna mata inda za ta zauna. Dutsin yana nan, har yau akwai masu kai ƙara wurinshi. Sarauniya kuwa ba ta yawo. Tana cikin ɗakinta da fararen tufafi, masu bukata ke zuwa wurinta. In ta rasu ba a zaɓe. Ana ɗaukar gawa, su ce gawar ke nuna wadda za ta gaje ta. Shi ne tarkama. Haka ake yi kuma a Bagaji in Baura ya rasu.

Abin da ya kai sunan Lugu duniya ya faru ran 16 ga watan Afrilu 1899. Sojan Faransa ne, ƙarƙashin kaftin biyu, Vule da Shanwan, sunka taso daga yamma za su tafkin Cadi. Duk inda sunka bi sai kisa da ƙuna da kwasar hatsi. Garuruwa da yawa sunka watse tun kafin su iso. Mutanen Lugu, zamanin Sarauniya Mangu, sunka tsaya da baka da kibiya. Da wuta ta yi yawa, sunka ja cikin kurmi mai ƙaya inda harsashi ba ya ganin mutum, sunka ci gaba da harbi. Takardun Turawan da kansu sun nuna an kashe musu mutum 4, an jikkata 6, sun ƙone harsashi wajen 7000. An ƙone garin, gaskiya ne. Mutane sun mutu, wasu sun watse. Amma ba a kama Sarauniya ba. Rundunar ta wuce ta yi ɓarna mai muni a Birnin Ƙonni cikin watan Mayu. Wata uku bayan Lugu, a watan Yuli, sojojinsu da kansu sunka harbe Vule da Shanwan a ƙasar Tasawa. Kaburburansu suna Maijirgi.

Ku lura da wani abu. Ƙasar da ta aika wa Amurka macen ƴanci a 1886, ita ce bayan shekara 13 sojanta sunka sa wa garin Sarauniya wuta. Ni dai da na haɗa shekarun nan biyu bisa allo, na daɗe ina kallonsu.

To, wa ya ba duniya labarin ga? Abdullahi Mamani, marubuci ɗan Nijar, ya fitar da littafi a kanta a 1980, cikin Faransanci. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya maida littafin sinima a 1986, har ya ci babbar kyautar sinimar Afirka a Wagadugu a 1987. Allah shi saka musu, don ba don su ba da yawanmu ba mu ji sunan Mangu ba. Akwai lise a Doso mai sunanta. Amma a Burkina Faso anka ɗauki siniman, kuma mafi yawan maganar ciki ba Hausa ba ce. Littafi kuma labari ne da marubuci ya ƙawata da basirarshi. Abin da tsofaffin Lugu ke faɗi bai zo ɗaya da shi ba ko'ina. Su Sarauniyar da sunka sani mai riƙon ƙasa ce, ƙarfinta ga asiri yake da kwarjini. Wanne ne daidai? Ba za mu iya aunawa ba in bakin mutanen Lugu bai shiga takarda da harshensu ba. Tsofaffin kuwa kullum raguwa suke.

Ranar da na je, ƙaramin gari na tarar, ɗakunan kara sun fi yawa, samari sun tafi bida. Ban ga allo ko ɗaya da ke gaya wa baƙo abin da ya faru nan ba. Wani tsoho ya nuna mini wajen da anka yi faɗan da sandarshi. In ya kwanta dama, sandar wa za ta nuna? A 2006 gwamnati ta sa Lugu cikin jerin wuraren da Nijar ke son hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya, tare da fadar Zarmakwai ta Doso. Tsohon garin Agadas ya samu shiga a 2013. Lugu tana jira.

Ba Lugu kaɗai gare mu ba. Ga Tozon Bijini, dutsin da ya ba Dogon Dutsi suna. Mai mota daga Yamai ko Maradi yana hango shi tun daga nesa, wani ya tsaya ya ɗauki hoto. Mu kuwa mun saba da shi har ba mu ganinshi. Ku hau tudu da sanyin safiya bayan damana, ku dubi gari da Tapkin Saw a ƙasa, ku gaya mini in ba abin kallo ba ne. Ga Matankari, tsohon gidan sarautar Arewa. Ga Bagaji, inda labarin kaka da kakanni ya ce Ari ɗan sarkin Barno ya auri ɗiyar Baura, anka haifi Akazama, tushen sarakunan Arewa. Ga Tibiri ta Samna a kudu. Ga fadamar Dallol Mawri da rake da lambuna, wadda tun 2004 take cikin jerin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye.

Wani zai ce: "Malam, kallo na cika rumbu?" Ku dubi maƙwabtanmu na Kure, bisa hanyar Doso zuwa Yamai. Raƙuman dawansu su ne na ƙarshe irinsu a yammacin Afirka. A 1996 ba su kai 50 ba. Manoma suna kuka da su, don suna cin wake da mangwaro. Da anka tsare su, sunka hayayyafa har sunka wuce 600. Samarin ƙauyuka sunka zama masu raka baƙi, ana biyansu. Abin da ke cin wake ya koma kawo kuɗi.

Amma ba zan ɓoye muku sauran labarin ba. Ran 9 ga watan Agusta 2020 ƴan bindiga sunka kashe mutum 8 a Kure: Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, direba da mai rakiya. Daga nan ƙafar baƙin waje ta ɗauke. Mu ma nan, arewacin ƙasarmu ya ga rashin kwanciyar hankali a shekarun nan. Don haka wanda ya ce muku ku zauna ku jira Bature da kyamara, ya ruɗe ku. Baƙin da nake hange su ne ɗiyanmu na lakwal, da ƴan Arewa mazauna Yamai da ke zuwa salla, da danginmu na Kabi da ke ƙetaren iyaka. A Amurka ma, ba baƙin waje kaɗai ke cika jiragen nan ba. Ƴan ƙasar da kansu suna kai ɗiyansu.

Akwai wata magana da ta taso cikin aji, ba zan tsallake ta ba. Wani ɗalibi, mutum mai riƙon addini, ya ce shi ba ya taka garin da ake yi wa dutsi yanka. Ban yi gardama da shi ba, kowa da zuciyarshi. Abin da na ce shi ne: ni musulmi ne, da na je ban roƙi dutsi komi ba, na yi sallata a kan lokaci. Na je in san inda mutanen ƙasarmu sunka tsaya wa bindiga. Harsashin Vule bai tambayi kowa addininshi ba: ya ƙone Lugu ta azna, ya ƙone Ƙonni mai masallatai. Wanda kuma zai je, ya je da ladabi. A fara gaida mai gari. A riƙe goro. Kar a ɗauki hoton kowa sai ya yarda, balle Sarauniya. Kar a ɗauko ko tsakuwa. In abin da ka gani bai yi maka ba, riƙe bakinka har ka fita garin mutane. Kafin a kama hanya kuma, a tambayi hukuma da masu zuwa kasuwa lafiyar hanya.

Yanzu ga aikin da nake roƙon kowace cibiyar karatun manya ta yi, daga Dogon Kiriya har Gesheme. Bai kai tsadar buhun taki ba: kaye ɗaya da bik ɗaya. Kowane gari yana da abinshi: tsohuwar rijiya, kukar da anka kafa gari gindinta, tudun da anka ɓuya lokacin yaƙi, burtalin da kakanni sunka bi da shanu. Ku je wurin tsoho ko tsohuwar da ta fi kowa sani. Kar ku manta da mata, sau da yawa su ke riƙe da sunaye. Mutum biyu su rubuta, don in ɗaya ya yi tuntuɓe ɗaya ya tallabe shi. Ku sa sunan wurin, da wanda ya kafa shi, da sunan mai ba da labari, da ranar da kunka rubuta. In tsofaffi biyu sun saɓa, ku rubuta duka biyun, kar ku zaɓa musu. In kun gama, ku karanta wa mai labarin ya ji, ya gyara. Ku aje kaye a cibiya, ku kwafi shafi ɗaya ku aiko wa jarida. Kar ku ji tsoron kuskuren rubutu, gyaranshi aikinmu ne.

Mu a cibiyarmu mun fara. Dattijon nan mai zama kusa da fitila shi ya buɗe kaye. Ya lissafa mana rijiyoyi tara da mahaifinshi ke shayar da shanu tsakanin dallol da tudu, huɗu daga ciki sun rufe, babu wanda ya san sunansu sai shi. Da hannunshi ya rubuta na farkon, ya ɗauki kusan rabin awa. Mun kuma shirya, in an gama ɗaurin hatsi kuma hanya ta yi lafiya, za mu Lugu. Kowa zai kawo dala ɗari biyu na mota. Mutum goma sha ɗaya sun ba da suna. Mai salula ya ce shi zai ɗauki hoton aji gaba ɗaya a bakin gari, ya aika wa ƙanenshi a Niyok.