Horo daga nesa ga masu koya wa yara naƙasassu ayyukan yau da kullum

Yaron da sanƙarau ko wahalar haihuwa ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, magani kaɗai ba ya isarsa. Sai an koya masa zama, cin abinci, sa riga da riƙe alli. Ƙwararrun wannan aiki kaɗan ne a ƙasashenmu, kuma wanda aka tura karkara sau da yawa ba ya da na gaba da zai tambaya.

Shi ya sa ake maganar horo daga nesa. Abin koyi shi ne tsarin ECHO, wanda likita Sanjeev Arora ya kafa a Amurka a 2003 domin ciwon hanta: ma'aikaci ya gabatar da matsalar majinyacinsa ta bidiyo, ƙwararru su tattauna da shi. A 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi ƙasashe su ƙarfafa aikin farfaɗo da naƙasassu.

Mu ma'aikatan yaƙi da jahilci mun sani, malamin da ba a leƙa shi da sannu yake sanyi. Amma akwai abin lura. Mashawarci daga Turai zai ambaci kujera ta musamman, alhali yaron Tasawa a tabarma yake cin tuwo da hannu, uwarsa na goye da ƙanensa. In bai tambayi yadda gidan yake ba, shawararsa ba za ta zauna ba. Bidiyo kuma ba ya jin taurin gaɓa, hannun ma'aikaci ne ke ji. Hoton yaro kuwa kada a tura shi ta WhatsApp sai iyaye sun fahimta, sun yarda.