Digirin ilimin masu buƙata ta musamman ya wuce alli da allo

A gidaje da dama, idan yaro ya samu gurbi a sashen ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Bayero ko ta Jos, jaje ake yi masa maimakon barka. Iyaye sun ɗauka iyakar abin shi ne ya riƙe alli a makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki da ke Kano. Koyarwa a can aiki ne mai daraja ƙwarai, sai dai ba ita kaɗai ce ƙofar da wannan karatu yake buɗewa ba.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa nakasassu wariya. Dokar ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara hanyoyinsu, sannan a 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su. Wa'adin gyaran ya cika tun farkon 2024. To, wa zai zagaya banki ko sakatariya ya nuna inda keken gurgu ba ya shiga? Wa zai horar da ma'aikata yadda za su karɓi makaho? Sai wanda ya karanci fannin.

Inda buƙatar ta fi tsanani shi ne tafinta. Kurma yakan je asibiti yana ciwo, likita na tambaya, shi da ɗan rakiyarsa suna ta kame-kame, kuma ba kowane ciwo ne mutum yake son ƙaninsa ya ji ba. Haka abin yake a ofishin 'yan sanda da kotu, inda kuskuren alama ɗaya kan iya kai mutum kurkuku. A Arewa kuwa aikin ninki biyu ne. Yaren hannu na makaranta ya samo tushe daga na Amurka, wanda Andrew Foster ya shigo da shi Ibadan a 1960, alhali kuramen Kano suna da tasu maganar hannu tun da daɗewa, wadda Constanze Schmaling ta rubuta littafi a kanta a 2000. Matashin da ya iya duka biyun yana da abin da ba a samu ko'ina.

Akwai kuma wasu ƙofofin. Hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman a 2017 domin shirya wa makafi jarrabawa, INEC kuma ta raba jagorar ƙuri'a ta rubutun Braille a zaɓen 2019. Gidajen talabijin ma suna neman masu fassara labarai da hannu.

Jami'o'in suna da nasu gyaran. Tun kafa Kwalejin Tarayya ta Ilimin Masu Buƙata ta Musamman da ke Oyo a 1977, an gina fannin ne a kan samar da malamai. Ya kamata yanzu ɗalibi ya yi wani ɓangare na gwajin aikinsa a asibiti ko kotu ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Gwamnatocin jihohi kuma su buɗe gurbin tafintan kurame a manyan asibitocinsu, da albashi da matakan ƙarin girma kamar na kowane ma'aikaci.