Kwana A Cikin Kwazazzabo: Yawon Banza Ne Ko Tafakkuri?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ɗan'uwa mai karatu, matasa sun sha tambayata bayan an tashi daga darasi: shin ya dace Musulmi ya saɓa jaka da tanti, ya yi tattaki zuwa cikin kwazazzabai nesa da gari, ya kwana biyu ko uku, alhali ba fatauci ya kai shi ba? Iyaye da yawa suna ganin wannan ɗabi'ar Turawa ce, ta wanda ya ƙoshi ya rasa abin yi. Ni kuwa ina ganin ya dace, har ina kwaɗaitarwa, amma da sharaɗi.

Ɗauki misalin Arshe, wani kwazazzabo da ke tsaunukan Enedi a arewa maso gabashin Chadi, kusa da garin Fada, yankin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. Duwatsu ne jajaye dogaye, dama da hagu, a tsakaninsu ga wani tafki da ba ya ƙafewa, inda makiyaya ke shayar da raƙuma. A cikin tafkin nan, a tsakiyar Sahara, akwai 'yan kadoji ƙalilan, ragowar zamanin da yankin yake da koguna. A jikin duwatsun yankin kuma ga zanen shanu da mutanen da suka shuɗe suka bari. Ina makiyayan nan? Ina ciyawar da shanunsu suka ci? Suratul Gashiya ta ja hankalinmu mu dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. A irin wannan wuri duka huɗun suna gabanka lokaci guda, ba ƙarar janareta, ba wayar da za ta yi ruri. Mun haddace ayoyin tun muna yara, amma nawa ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka yi duban?

Kaɗaita don tunani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kafin saukar wahayi, Manzon Allah (SAW) yakan ɗauki guzuri ya hau kogon Hira ya yi darare, sannan ya sauko wurin Nana Khadija ya ƙaro guzuri. Sai dai ka lura: bayan aike, rayuwarsa cikin mutane ya yi ta, a masallaci da kasuwa. A nan nake rabuwa da masu cewa daji ya ishe su wurin ibada, wai sun ji natsuwa a gaban dutse don haka ba su buƙatar sujada. Dutse aya ne, manuniya ce zuwa ga Mahaliccinsa. Tafiyar da aka bar Asuba a cikinta saboda gajiya, sunanta shaƙatawa kawai.

Shi ya sa nake cewa ɗalibaina su fara da fiƙihu kafin su sayi tanti. Ka san hukuncin ƙasaru, ka san yadda ake gane alƙibla da tauraro, ka iya taimama. Ruwan Arshe, alal misali, kashin raƙuma ya mai da shi baƙi, kuma mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne tafkin da kashin dabbobi ya canja shi ba a alwala da shi. Ga ruwa kana gani, amma ƙasa za ka dafa.

Sannan kada ka tafi kai kaɗai. Hadisi ingantacce ya yi gargaɗi a kan tafiyar dare ga mutum ɗaya, ya kuma yi umarni idan mutum uku suka fita su naɗa ɗaya shugaba. Ka nemi yardar iyaye, ka ɗauki ɗan jagora daga mutanen yankin, ka bincika lafiyar hanya. Kwazazzabo kuma, ko a wace ƙasa yake, yana da haɗarinsa: ana iya yin ruwa a nesa, kai kana cikin rana, ambaliya ta same ka tsakanin bango biyu. Haka ta faru a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona a Amurka a 1997, mutum 11 suka rasu. Don haka ba a kafa tanti a ƙasan kwari, sai a kan tudu.

Allah ne mafi sani. Wassalam.