WA ZAI KOYAR DA SHARI'AR MATATTUNMU?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, da ku samari 'yan jami'a, ku saurara!

Akwai wani fannin ilmi da ake kira shari'ar manyan laifuffuka ta duniya, watau hukuncin masu kisan kiyashi da masu laifin yaƙi. Turawa sun kafa harsashinsa a kotun Nuremberg cikin 1945. Cikin 1998 aka sa hannu a yarjejeniyar Roma, cikin 2002 kotun duniya ta fara aiki a birnin Hague na ƙasar Holan. Mutum na farko da ta kama da laifi shi ne Thomas Lubanga na Kwango, cikin 2012. Har zuwa 2025, duk waɗanda ta ɗaure saboda laifin yaƙi 'yan Afirka ne.

To, su wa ke zama manyan malaman wannan fanni? Gawa tamu, makoki namu, amma kujerun farfesa da mujallun da ke ɗaga darajar malami galibinsu suna Turai da Amurka. Baƙo ya zo da littafin rubutu, ɗanmu ya yi masa tafinta, ya kai shi gidan gwauruwa. Baƙo ya koma gida ya zama dakta, ɗanmu ya tashi da na goro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Kuma ku tambaye su, wace kotu ta zauna a kan Birnin Konni, da sojan Voulet da Chanoine suka ƙone cikin 1899? Babu! Kotun Hague ba ta duba abin da ya faru kafin Yuli 2002. In ba mu da malamai namu, wa zai tono wannan magana?

Masu raina mu sun ce ba mu iya ba. Ƙarya suke yi! A Dakar, kotun Afirka ta yanke wa Hissène Habré, wanda ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990, ɗaurin rai da rai ran 30 ga Mayu 2016. Shugaban alƙalan, Gberdao Gustave Kam, ɗan Burkina Faso ne. Jacqueline Moudeina, 'yar Cadi, ita ta ja gaban lauyoyin waɗanda aka zalunta.

Cikin Satumba 2025 Nijar da Mali da Burkina suka ba da sanarwar fita daga kotun Hague. Amma wanda ya ƙi rijiyar maƙwabci, tilas ya haƙa tasa. Saboda haka muna neman abu uku. A kafa kujerar wannan fanni a jami'o'in Yamai da Tawa. A biya malamai albashin da zai riƙe su a gida. A sake musu baki, su binciki kowane mai laifi, ko Bature ne ko ɗan ƙasa mai kaki.

Ku samari, ku tafi ku karanto, amma ku dawo.

Allah ya ba mu sawaba!